Goyon da Ya Kai Shekara Bakwai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mai Kitso ta unguwar Hausawa, New Bell, a birnin Douala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke a makwancinki, ni ce Zuwaira, autarki. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Da kina raye ma sai an karanta miki, kuma kafin a kai rabi za ki ce a taƙaita, kina da kan mutane a hannu. Zan sa ta a shafin da nake sa hotunan kitsona, saboda haka akwai masu leƙe da za su karanta. Su yi haƙuri, yau babu hoton shuku.

Shekara tara ke nan da rasuwarki, kuma ban taɓa samun tambayar da ke kaɗai ce mai amsarta ba sai yanzu. Ranar Alhamis mai zuwa ana jirana a asibiti in faɗi ko na yarda a yi min aiki a kafaɗa ko ban yarda ba. Kaina ya ɗaure, Inna. Na tambayi masu rai duk sun ƙara ɗaure min shi, shi ya sa na zo gare ki.

Bari in fara da abin da ba ki sani ba. Na haifi 'ya mace, aka mayar da sunanki, muna kiran ta Ummi. Shekararta uku da rabi, kuma ta ɗauko bakinki, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Bayan haihuwarta ne hannuna na dama ya fara yi min gardama. Shanya ta fara gagara ta, sai na sa Baban Ummi ya sauko min da igiya. Daga nan kwanukan saman kanta suka koma ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na tsinci kaina na tokare gwiwar hannu da bango ina taje kaina, na tsaya cak, don na san inda na taɓa ganin mace tana haka.

Telan da ke min ɗinki a kasuwar Nkololoun ne ya fara faɗa min gaskiya. Sau uku ina mayar masa da riga ɗaya ina cewa bayanta ya karkace. A na ukun ya ajiye almakashi ya ce, "Madam, pardon, ba ɗinkina ba ne, bayanki ne." Na zage shi tas na fita. Da na isa gida na haɗa madubi biyu, sai ga allon kafaɗata ya turo waje kamar fiffiken kaza. Har yau ban koma na ba shi haƙuri ba.

Gwaggo Dije, ƙanwar Baba, tana nan a unguwar Kassalafam, ta tsufa amma bakin bai tsufa ba. Da ta gani cewa ta yi iskar gidanku ce ta biyo ni. Na sha rubutu, an yi min tsaga, mai ɗori ya murza ni har na ga taurari da rana tsaka. Hannu dai yana nan inda yake. Sai da shekara biyu ta wuce sannan na kai kaina asibiti, daga wannan ɗaki a tura ni wancan, har na dace da wata likitar ƙashi, 'yar siririya mai gilashi, wadda ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ka.

Ta sa na tuɓe riga na juya mata baya, ta ce da Faransanci in ɗaga hannu. Na ɗaga, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, bai ko kai daidai kafaɗa ba. Sai ta dafa ƙirjina da hannu ɗaya, ta sa tafin ɗayan a kan allon kafaɗar ta danne shi ya kwanta a kan haƙarƙari, ta ce in sake. Inna, hannun ya tafi. Ya wuce kafaɗa, ya wuce kunne, ina kallon yatsuna a sama kamar na wata. Salati na saka da ƙarfi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Tana sakin bayana ya faɗo.

Ta yi min bayani a hankali, don Faransancin nawa na kasuwa ne. Ta ce ciwo ne da ke cinye ƙarfin tsoka sannu a hankali, sunansa ya fi layin mai tsawo, kuma gadonsa ake yi. Ya fi farawa da fuska da kafaɗa. Ta ce tsokar da ke ɗaga hannuna tana nan da sauran ƙarfinta, waɗanda suka gaza su ne masu riƙe allon kafaɗa a mazauninsa. In allon bai zauna ba, hannu ba shi da abin da zai dogara a kai ya tashi.

Sai ta tambaye ni ko na iya fito. Na yi dariya, na ce mace da fito? Ai da na gwada a gidanmu da na sha muciya. Sai ta ce to hura wuta fa? Nan dariyar ta tsaya. Ban taɓa iya hura wuta ba, ke ma haka, mu biyu ne a gidan da ba ma rabuwa da mafici. Ta tambaya ko idona yana rufuwa duka in ina barci. Na tuna yadda muke tsoron ɗaukar ƙosai a kwanonki in kina barcin rana, don muna zaton kina kallon mu. Na tuna matan unguwa da ke cewa Inna Mai Kitso ba ta da fara'a, alhali dariya kike yi, fuskar ce ba ta kai ta waje.

Na ce mata mahaifiyata haka take, kuma ita ma kitso take yi. Ta ce to ita yaya take yi da aikinta? Na buɗe baki zan ce ai lafiya lau take yi har na shekara bakwai, sai na tsaya na tambayi kaina, me ya sa sai shekara bakwai?

A kan bensikin, babur ɗin haya, muna kutsawa cikin cunkoson hanyar gida, har lokacin ina jin sawun tafin hannunta a bayana. Na yi ta tunanin me ya sa wurin ya zame min sananne. Muna tsallaka layin dogo na gane. Nan ne daidai inda ƙirjina yake kwanciya a bayanki.

Inna, kin goya ni har na shekara bakwai. Duk New Bell an san wannan. In kin zauna a kan turmin da kike kifewa, mai kitso tana ƙasa a tsakanin ƙafafunki, ƙafafuna har suna taɓa ƙasa. A bayanki na yi famfara, a bayanki na haddace Fatiha, a bayanki na koyi yadda ake tsaga layi da kibiya tun ban san koyo nake ba.

Ba irin goyon kowa kike yi ba. Sama kike ɗora ni, har haɓata tana kan wuyanki. Zane biyu kike sawa, sannan majanyi a kai, kuma ba ke kike ɗaurewa ba, Yaya Hassana kike kira ta ja. Ina jin muryarki har yanzu: "Ƙara ja, Hassana, ba ki ci abinci ba ne?" Ni kuma ki ce min, "Kwanta sosai, auta, manna ƙirjinki." In na zame gefe ina leƙen mai tallan alawa, sai hannunki ya sauka, ki ce, "Kin ɓata min layi." Na ɗauka wasa ne tsakaninmu. Har da gangan nake zamewa don in ji kin faɗa.

Mutane ba su bar ki ba. Gwaggo Dije takan tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ki sauke wannan ƙatuwar, ko sai an kawo kuɗin aurenta a bayanki?" Mama Terez, maƙwabciyarmu mai soya kifi, takan tafa hannu ta ce, "Weeh, Inna, sa se kwa, mene ne haka? Wannan pikin ta isa zuwa kasuwa!" Amsarki ɗaya ce ga kowa, ba ki taɓa canza ta ba: "Baya nawa, 'ya tawa." Ni kuma in leƙo ta gefen wuyanki in yi musu gwalo.

Da wannan maganar na girma, Inna. Ita ce jarina. In an ɓata min rai a makaranta, in an yi min gori a gidan miji, sai in tuna ni ce wadda uwarta ta kasa saukewa don so. Ranar bikina 'yan'uwa sun ba da labarin ana ta dariya, ni kuwa ina ƙarƙashin mayafi ina jin daɗi. Bara ma na rubuta a wannan shafin cewa babu uwar da ta so 'yarta kamar tawa, mutane suka yi ta sa min hoton zuciya. Yaya Hassana kaɗai ce ba ta ce komai ba. Ita da ma tun muna yara in mun yi faɗa takan ce, "Ke ai a baya kika girma, mu a ƙasa." Na ɗauka hassada ce kawai.

Ranar da na sauka ma ina tunawa. An sa ni lekol, makarantar boko, wata Asabar 'yan ajinmu biyu suka rako yayarsu kitso, suka gan ni a goye ina cin rake. Ranar Litinin duk ajin suna kira na bebe, wato jaririya da Faransanci. Na dawo gida na ce ba zan ƙara hawa ba. Kin riga kin shimfiɗa zanen a bayanki, kin duƙa, Yaya Hassana tana riƙe da majanyi, mai kitso tana jira. Ba ki yi faɗa ba, ba ki lallashe ni ba. Kin ɗan jima a duƙe, sannan kika miƙe kika ce, "To, auta ta girma." Ni kuwa na fita wasa da gudu.

Abin da ya biyo baya duk na gani, amma ban taɓa jera shi wuri ɗaya ba sai a makon nan. Kin fara aron jariran maƙwabta, ana ta cewa Inna Mai Kitso akwai son yara. Amma jariri ba shi da faɗi, ba shi da nauyi, kuma ba a daɗe uwarsa za ta zo ta karɓa ta ba shi nono. Daga nan kika koma goya matashin kai. Nan aka fara ƙus-ƙus, wasu su ce iska ce, wasu su ce tunanin ɗan da ya rasu kafin ni ne ya taɓa miki kai. Kunya ta ishe ni. Wata rana ana irin ruwan nan na Douala da ba ya ɗaukewa, lambatu ya cika yana ambaliya, na saci matashin na jefa, ina tsaye har ruwa ya tafi da shi. Kin neme shi, kin dube ni, ba ki tambaye ni ba. Ba ki kuma sake goya wani ba.

Daga nan kika daina shuku, don shi sai hannu ya hau tsakiyar kai. Kika koma zane da kalaba na tsofaffi. Amare suka koma wajen wasu. Kafin in gama firamare turmin ya koma aikinsa na daka, ke kuma kina ƙofar gida da farantin gyaɗa, hannuwanki a cinya. Na girma ina cewa tsufa ne. Da na lissafa a makon nan, ashe a lokacin ba ki fi shekaruna na yanzu da biyar ba.

Na kira Yaya Hassana, tana Yassa yanzu, ita da mijinta sun yi gini can bakin hanyar Yawunde. Na kwashe duk abin da likita ta ce na faɗa mata, ina jira ta ce min haukata nake. Cewa ta yi, "Au, sai yanzu kika sani? Ni da nake jan majanyin?" Na ce me ya hana ta faɗa min duk shekarun nan. Ta ce ke kika hana. Ina jin kukan kajinta ta cikin waya. Can ta ce, "Ni ko don aikin ne, Zuwaira, da an goya ni." Sai ta fashe da kuka, matar da ta aurar da 'ya.

To ga tambayar, Inna, tunda ranar wanka ba a ɓoye cibi. Don me kike goya ni? So ne, ko ni ce abin da ke danne miki kafaɗa? In na ce so ne, sai in tuna "kin ɓata min layi." In na ce aiki ne, sai in tuna yadda kike miƙo min ƙosai ta kan kafaɗa ba tare da kin waiwayo ba, kuma ba ki taɓa kuskuren bakina ba. Wani lokaci haushinki nake ji, in ce an yi amfani da ni ina ta alfahari. Kafin in gama jin haushin sai kunya ta rufe ni, in ce mace da 'ya'ya biyar, miji yana bin motocin shanu wata biyu bai dawo ba, da me za ta ciyar da mu? Sai kuma wani tunanin ya zo ya ture duka biyun, cewa ni na kashe miki sana'a saboda 'yan aji sun ce min bebe. Haka nake yini ina zagaye.

Na zauna na bincike ƙwaƙwalwata ina neman rana ɗaya tak da kika goya ni babu mai kitso a gabanki. Ranar Juma'a ba kya aiki, kuma abin da nake tunawa na Juma'a shi ne ina kan tabarma. Ranar Sallah da ƙafata nake zuwa idi. Ranar da ruwa ya shigo ɗaki kin goya ni, amma wace uwa ce ba za ta yi ba? Abu ɗaya na samu. Wani yammaci mai kitson ƙarshe ta tafi, ba ki sauke ni ba. Kin share gashin da ya zuba, kin wanke hannu, kika koma kan turmi kika zauna, kina ɗan jijjiga ni, kina bubbuga ni da hannu ta ƙasa. Na yi murna da na tuna wannan, na riƙe shi yini guda. Sai kuma na tuna ƙullin da Yaya Hassana take yi ba ya kwantuwa sai da ita, wataƙila an aike ta ne kina jiran ta dawo.

Akwai abin da ban faɗa wa Yaya Hassana ba, ban faɗa wa Baban Ummi ba, in ban da likita ke zan fara faɗa wa, masu leƙe kuma su ji. Ni ma haka nake yi. Wallahi ban shirya ba. Na dai lura tun tuni in Ummi tana bayana aiki ya fi yi min sauri, na ɗauka sabo ne, ko albarkar yarinya. In babban kai ya zo sai in ji bakina ya kira ta. Sama nake ɗora ta, zane biyu nake sawa, in ce wa mai kitson ta taimaka ta ja min majanyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Asabar ɗin da ta wuce wata amarya ta zo shuku. Ummi tana tsakar gida tana girkin ƙasa a gwangwanin sardin, ta jera 'yan tsanarta suna jiran abinci. Na ɗauko zane na kira ta. Ba ta yi gardama ba, ta ajiye ludayinta na murfin kwalba, ta kalli ƙofa, ta kalli amaryar, ta ce, "Mama, aiki ne?" Amaryar ta yi dariya ta ce yarinyar nan akwai wayo. Abin da ya ɗauke ni shekara talatin da huɗu da likita mai gilashi, ita ta gane shi tana shekara uku da rabi.

Tun kafin nan na gaya wa likitar maganar goyon. Ta ce ba ta taɓa karanta wannan a littafi ba, amma tana iya yiwuwa, tunda duk abin da ya danne allon yana taimakawa. Ta ce sai dai nauyin yana cin bayana, don tsokar nan ma ciwon ba ya barin ta, kuma yarinya kullum ƙara girma take yi. Ta ba ni wata ɗamara mai maɗauri da ake sawa ƙarƙashin riga. Na sa ta sati uku. A zafin Douala, Inna! Ƙuraje suka feso min, tana zamewa in na yi gumi, kuma abin da take ƙara wa hannun bai taka kara ya karya ba.

Saura aikin. Ta ce za su kwantar da allon a kan haƙarƙari su ɗaure da waya, su ɗebo ɗan ƙashi daga ƙuguna su sa a tsakani, don su haɗe su zama abu ɗaya. Ba ta ɓoye min komai ba. Ba magani ba ne, ciwon zai ci gaba da tafiyarsa. Hannun zai tashi fiye da yanzu, amma ba zai koma na da ba, kuma kafaɗar ba za ta ƙara motsi yadda take so ba. Huhu yana nan kusa, ana iya taɓa shi. Waya tana iya tsinkewa, ƙashin yana iya ƙin haɗewa a sake komawa. Zan yi watanni hannu a ɗaure, babu kitso, babu ɗaukar ko buta. Ta hagun kuma tana nan tafe a nata lokacin. Na ce goyo fa? Ta girgiza kai ta ce in manta da shi na dogon lokaci. Na lissafa, kafin dogon lokacin nan ya ƙare Ummi ta wuce goyo.

Gwaggo Dije ta ce, "A ɗaure mutum da waya kamar kejin kaji? Uwarki ta koma ga Allah da ƙasusuwanta yadda Ya jera mata su." Yaya Hassana ta ce in yi, in zo Yassa ta yi jinyata, akwai iska, babu ambaliya. Baban Ummi ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, maganar kirki ce amma ba ta rage min komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu iya magana. To ni ce mai ɗakin, kuma ko'ina yoyo nake gani.

Tsoro nake ji, Inna, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron wuƙa, ina tsoron barcin da ake sa mutum, ina tsoron in tashi hannu bai tashi ba, ga goyo ya tafi. Kuma ina tsoron abin da ban iya tambaya sau biyu ba. In Ummi tana barcin rana ina tsugunawa in duba ko idonta ya rufu duka. In na ba ta kunu sai in ce ta hura da kanta, ina kallon bakinta. Likita ta ce ba a iya sani yanzu, tana iya ɗauka, tana iya tsira. Jiya ta hura har kunun ya fallatso min a fuska, ban taɓa jin daɗin ƙuna irin wannan ba.

Da an ba ki wannan zaɓin, me za ki yi? Ke ba a ba ki ba. Ba wanda ya taɓa dafa bayanki ya ce ki ɗaga hannu. Ke kaɗai kika gano abin da likita ta yi shekaru tana karantawa, da zane biyu da majanyi da 'ya, kika kuma bar mutane suna ce miki mai shagwaɓa yarinya, daga baya su ce mai taɓin hankali, don kada in sani. Wani lokaci ina cewa wannan ɓoyewar ita ce amsar da nake nema. Wani lokaci kuma ina cewa wayo nake yi wa kaina. Ban sani ba, Inna, kuma na fara yarda ba zan taɓa sani ba.

Abin da na iya yi ke nan. Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na tattara kibiya da mataji da man kitso na rufe a kwano. Na ɗauko zane ɗaya, ɗaya tak, na kira Ummi. Ta zo ta kalli ƙofa, ba kowa. Ta leƙa zaure, ba kowa. Ta ce, "Mama, aiki ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To mene?" Na ce ba komai, hau kawai. Ta hau tana waige, ba ta yarda da ni ba.

Na goya ta ƙasa-ƙasa, irin goyon kowa. Muka fita, muka bi ta kan katakan da aka shimfiɗa a kan lambatu, muka wuce masu gasa masara, muka je har layin dogo muka tsaya kallon awaki. Hannuwana a sauke tun daga gida har can, ban ɗaga ko ɗaya ba, sai dai in kai su baya in tallafe ta. Ta yi ta zamewa gefe tana nuna min abubuwa, ban ce ta kwanta sosai ba. Bayana kamar zai tsinke. A hanyar dawowa ta yi barci, yawunta ya jiƙa min wuya.

Yau Asabar na yi shuku biyu ba tare da ita ba, gwiwar hannuna a kan bayan kujera. Kowanne ya ci ninkin lokacinsa, kuma layin na biyun ya ɗan karkace, na ba matar haƙuri. Da la'asar muka sake fita yawonmu, yau ba ta kalli ƙofa ba sai sau ɗaya. Gobe ma za mu fita, da jibi, har ranar da za a kwantar da ni. Kin ji na ce za a kwantar da ni. Ban san na yanke ba sai da na ga hannuna ya rubuta. Ranar Alhamis zan ce musu na yarda, da tsoron nawa da komai. In Allah Ya sa wata rana wata likita ta dafa bayan Ummi, ta hau babur tana tunani a hanyar gida, ina so in ta binciki ƙwaƙwalwarta ta samu ranakun da ba sai ta tambayi kowa ba.

Ki yafe min matashin nan, Inna. Ki yafe min ranar da na bar ki a duƙe. In akwai abin da zan yafe miki na yafe, ko da yake har yanzu ban gane ko akwai ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sauke miki duk nauyin da kika ɗauka ba wanda ya sani. Allah Ya tashe ki da hannuwa masu kaiwa duk inda kike so, Ya ba ki fuskar da dariyarki za ta fito a gani. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Hassana, Ya tsare takwararki daga gadon nan, Ya sa a yi min aikin a sa'a. In Ya haɗa mu a Aljanna, inda babu mai jiran kitso, zan zo in tsaya a bayanki in ga ko za ki duƙa.

Wassalam.

'Yarki da kika goya,
Zuwaira, auta.